A BAR YARA SU YI MAGANA, IN JI WANI TSOHON MALAMIN TURANCI

An yi kira ga malaman makarantun sakandare na ƙasar nan da su rage yawan maganar da suke yi a aji, su bar 'yan makaranta su riƙa tashi tsaye suna bayani da bakinsu, in dai ana so su iya Turancin da zai amfane su. Wani tsohon malamin Turanci, wanda ya daɗe yana koyarwa a kwalejin horon malamai kafin ya yi ritaya, shi ne ya yi wannan kira cikin wata lacca da ya gabatar gaban malamai da iyayen yara a wata makaranta da ke unguwar Hausawa a Ikko. Ga yadda laccar ta kasance.

Bayan ya gai da shugaban taro da wakilin Sarkin Hausawa da sauran dattawan unguwa, mai lacca ya fara da tambaya. Ya ce yaro ya yi shekara 6 a firamare, ya ƙara shekara 6 a sakandare, kusan kullum ana koya masa Turanci, to, me ya sa ranar da ya tsaya gaban mai ɗaukar ma'aikata aka ce ya faɗi ko shi wane ne, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa? Ya ce kada kowa ya ɗora wa ƙwaƙwalwar yaron laifi, domin wannan yaro da ya yi shiru shi ne mai ciniki da Yarabanci a kasuwar Agege, shi ne mai cacar baki da kwandasta cikin Turancin buroka, ya dawo gida ya yi hira da kakarsa da Hausa. Harsuna uku ya kama ba allo ba alli. Na huɗun da aka saya wa littattafai, aka ɗauki malamai dominsa, aka yi ta biyan kuɗin jarrabawa, shi ne ya gagara.

Daga nan sai ya nemi alli, ya yi ɗan lissafi a allo. Ya ce a ɗauka darasi minti 40 ne, ajin kuma yana da yara 60. Ko da malam ya kame bakinsa bai ce uffan ba, ya raba lokacin daidai wa daida, kowane yaro sakan 40 zai samu. Alhali kuwa kowa ya sani malam ne ke cinye mafi yawan lokacin, abin da ya rage kuma yara uku ko huɗu na layin gaba su kwashe. Saboda haka akwai yaron da zai yi zangon karatu guda cur bai haɗa jimla ɗaya ta Turanci da bakinsa ba, sai dai amsa amshi in malam ya tambaya ko an gane. Ya ce har jarrabawar ma ta taimaka wajen ɓata al'amarin, domin a jarrabawar fita sakandare ta Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, takardar da ake kira gwajin furuci a rubuce ake yin ta: yaro ya zaɓi amsa da fensir, ya ci maki a kan lafazi ba tare da ya buɗe baki ba.

Nauyin Da Aka Ɗora Wa Turanci

Malamin ya ɗan waiwayi tarihi. Ya ce Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa a shekarun farko na firamare, sa'an nan a koma Turanci. Tun kafin wannan, a 1970, Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci har shekara 6, Turanci kuwa aka ba shi matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da a yi dukan karatun firamare da harshen uwa, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan tsari, aka mai da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a.

Bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce shi har gobe yana ganin yaro ƙarami ya fi gane karatu da harshen da ya sha a nono. Amma ya ce ba wannan gardama ta tara su ba. Abin da ke gaban malami shi ne, yanzu lissafi da kimiyya da tarihi da ilmin noma duk a bayan Turanci aka goya su, in ya yi tuntuɓe duk su zube tare. Ga shi kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma a jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, takardar Turanci tilas ce a kan kowa. Ya ce ɗan mai hali yana jin Turanci a gida da makarantar kuɗi, ɗan talaka kuwa ba shi da wurin jin sa sai aji. In ajin bai ba shi damar yin magana ba, to, an rufe masa ƙofa tun kafin ya iso bakinta.

Maganin da ya kawo, in ji shi, ba sabo ba ne. A 1975 wani kwamiti da Sir Alan Bullock ya shugabanta a Ingila ya ba da shawarar cewa kowace makaranta ta tsara yadda kowane malami, ko wane fanni yake koyarwa, zai kula da harshen yaransa. Ya ce in Turawan Ingila da aka haifa cikin harshen sun ga ba za su bar wa malami ɗaya wannan aiki ba, ina ga mu? Ya kuma ba da labarin ƙasar Kanada, inda tun 1965 aka soma koyar da 'ya'yan masu jin Turanci dukan darussa da Faransanci. Yaran suka tashi suna fahimtar Faransanci sosai, amma maganarsu da rubutunsu na cike da kurakuran nahawu. Farfesa Merrill Swain ta birnin Toronto, wadda ta daɗe tana nazarinsu, ta bayyana a 1985 cewa sauraro kaɗai ba ya isa, sai an tura mai koyo ya haɗa magana da kansa, domin a nan ne yake gano inda ya gaza. Malamin ya ce malaman zaure sun riga kowa sanin haka: ɗalibi ne ke jan baƙi da ƙarfi, malam yana saurare yana gyara, babban almajiri kuma ya biya wa ƙarami. Kwalejin Katsina ma, wadda aka buɗe a 1921, ta yi suna ne wajen sa ɗalibanta furta Turanci daidai, har ta fitar da irin su Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ake yi wa laƙabi da mai muryar zinariya. Sai dai ita 'yan kaɗan take ɗauka, mu kuwa yau ɗaruruwa ne a kowace makaranta.

Darasi Daga Huhun Goro

A nan ne mai lacca ya fi daɗewa. Ya ce a farkon zangon karatu malamin Turanci ya zauna da malaman tarihi da labarin ƙasa da ilmin noma da lissafi, zama ɗaya tak na rabin sa'a, su zaɓi batu guda wanda ya ratsa fannoninsu duka, kuma wanda yaran suke gani da idonsu. Ya ce ga 'ya'yan wannan unguwa ba abin da ya fi goro dacewa, tun da da yawansu da kuɗinsa aka saya musu rigar makaranta.

Sai a raba ajin rukuni rukuni, yara biyar ko shida a kowane, kuma malam ne zai raba, ba yara ba, don kada masu ƙoƙari su taru wuri ɗaya. Kowane rukuni a ba shi tambaya guda. Na farko ya binciko yadda fatake suke tasowa daga Kano da jakuna ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya har kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, da yadda isar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911 da yaɗuwar noman goro a ƙasar Yarabawa suka juyo da fataucin kudu, har aka sami zangunan Hausawa irin su Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da na Shagamu da Agege. Na biyu ya amsa dalilin da ya sa itacen goro ke yi a kurmi amma a Arewa aka fi cin 'ya'yansa, ya gwada ruwan sama da lema na sassan biyu, ya zana taswirar hanyar mota daga Ikko ta Ibadan da Ilori da Jaba har Kaduna da Kano. Na uku ya bayyana dalilin naɗe goro da ganye, da yayyafa masa ruwa, da zama a tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran, da kuma sinadarin da ke cikinsa mai hana barci. Na huɗu ya ɗauki lissafi: ƙwarya goro 100 ce, to, in an san kuɗin saye da kuɗin mota da la'adar dillali, aka kuma yi asarar kashi 10 cikin 100 a hanya, nawa za a sayar da ƙwarya kafin a mai da uwar kuɗi?

Ya ce aikin malamin Turanci a cikin makonni ukun da za a yi ana shiri shi ne ya ba kowane rukuni irin Turancin da tambayarsa ke bukata. Masu tarihi suna bukatar aikatau na shuɗaɗɗen lokaci da yadda ake faɗin shekaru. Masu labarin ƙasa suna bukatar kalmomin gwada abu da abu, wannan ya fi wancan, wancan bai kai wannan ba. Masu bayanin ajiyar goro suna bukatar jera aiki daki daki, da irin ginin jimlar nan da ake ɓoye mai aikatawa, wanda Bahaushe ke yi da "a kan wanke, a kan naɗe", kuma shi ne ginin da ya cika littattafan kimiyya. Masu lissafi su koyi karanta lambobi da kaso da ƙarfi, abin da yara da yawa ke iya rubutawa amma ba su iya faɗa. Duk waɗannan, in ji shi, suna cikin manhaja tun asali. Bambancin kawai shi ne yaron da ya san zai tsaya gaban mutum 60 ran Alhamis, ba sai an roƙe shi ya saurari darasin nahawu ba.

Game da rabon aiki a cikin rukuni, ya ce ya ari dabarar wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, wanda a 1971 ya tarar da yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko suna gaba da juna a makarantun birnin Austin na Amurka. Sai ya yanka darasi gunduwa gunduwa, ya ba kowane yaro gunduwa ɗaya, yadda ba mai samun cikakken darasi sai ya saurari ɗan'uwansa. Haka za a yi a nan: ɗaya ya tambayi dattijo a kasuwa, ɗaya ya duba littafi, ɗaya ya yi zane, ɗaya ya tsara gabatarwa, ɗaya ya shirya amsa tambayoyi, amma ranar bayani kowa sai ya yi magana.

Ya ja kunnen malamai da kada su hana yara yin Hausa ko Yarabanci lokacin da suke shiri. Yaro zai tambayi mahaifinsa da Hausa, ya tattauna da abokansa da harshen da ya sauwaƙa, sa'an nan su yi ta kokawar juya abin zuwa Turanci, kuma wannan kokawa ita ce karatun. Ya yi tir da tsohuwar al'adar cin tarar yaro ko yi masa bulala don ya yi harshen gida a makaranta, wadda ya ce ba ta koya wa kowa Turanci ba, ta dai koya wa dubban yara yin shiru.

Ranar bayani kowane rukuni minti 10 zai samu, kowane yaro kamar minti 2. Ba a yarda a karanta daga takarda ba, sai ɗan kati mai ɗauke da kanun magana. Sauran ajin kuma ba 'yan kallo ba ne, lalle ne kowane rukuni ya yi wa masu bayani tambaya ɗaya. Malamai biyu za su zauna a baya, mai fannin ya ba da maki a kan gaskiyar abin da aka faɗa, malamin Turanci ya ba da a kan yadda aka faɗe shi. Rabin maki na rukuni ne, rabi na kowane yaro shi kaɗai. Ya roƙi malamai, don girman Allah, kada su katse yaro a tsakiyar magana don gyara masa kuskure. A rubuta kurakurai uku da suka fi yawa a ajin, a yi darasi a kansu washegari ba tare da kama sunan kowa ba. Ya ce malam ya riga ya san inda ɗan Bahaushe zai yi tuntuɓe: zai haɗa sautin p da f, ya haɗa v da b, kuma harshensa ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali a tsakani, shi ya sa muka sami burodi da firamare da direba. Nan jama'a suka yi dariya.

Ga makarantun Arewa kuwa, ya ce batutuwa ba su ƙirguwa. Ya kawo misalin marinar Ƙofar Mata a Kano, inda zane ke fitowa daga karofi da launin kore kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban mai kallo. Yaron da ya iya bayyana dalilin haka da Turanci ya yi darasin kimiyya da na harshe a tashi ɗaya.

Inda Gizo Ke Saƙa

Mai lacca ya ce ba zai yaudari kowa ba, hanyar tana da ƙayoyi. Ya ba da labarin karon farko da ya gwada ta a wata makaranta da bai ambaci sunanta ba. Yaro guda mai ƙoƙari ya rubuta wa rukuninsa jawabin duka, suka haddace kamar karatun allo. Ana cikin yi, na biyu ya manta jimlarsa ta ƙarshe, na uku kuwa ita yake jira kafin ya ɗauka, sai duk suka tsaya cirko cirko har aka kaɗa ƙararrawa. Ya ce tun daga ranar ya hana hadda, ya kuma sa tambayoyin 'yan aji su zama rabin aikin, domin tambaya ba ta haddatuwa.

Ya ce wannan cuta ta sake kama a yau, tun da yaro na iya kwafo bayani daga intanet ta wayar hannu, ko ya sa na'ura ta rubuta masa jawabi tsaf da Turancin da ya fi na malaminsa. Maganinta shi ne batu ya zama na gida, a kuma nemi yaro ya faɗi wanda ya tambaya a kasuwa da abin da ya gaya masa.

Ya taɓo maganar kunya da natsuwa. Ya ce mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su ɗaga murya gaban babba, kada su zuba masa ido, wannan kuwa abin alfahari ne da ba ya so a rasa. Amma ladabi daban, tsoro daban. Yarinyar da za ta zama ungozoma ko lauya tilas wata rana ta yi bayani gaban maza da mata. Shawararsa ita ce a fara da 'yan mata rukuninsu daban, su yi bayani gaban rukuni ɗaya kafin ajin duka, a bi su sannu sannu.

Sauran ƙayoyin a wuyan manya suke. Akwai shugaban makarantar da in ya ji hayaniya a aji sai ya ɗauka malam ya kasa riƙe yara. Akwai malamin lissafi mai cewa shi ba a ɗauke shi koyar da Turanci ba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa, watau malamai da yawa su kansu suna jin nauyin yin Turanci ba littafi a hannu. Ya ce tushen wannan ya daɗe, tun 1976 da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka bukaci dubban malamai cikin gaggawa aka yi musu gajeren horo. Ya yi kira ga ma'aikatun ilmi na jihohi da Cibiyar Horon Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da su sa wannan hanya cikin kwasa-kwasan da suke yi wa malamai lokacin hutu, ya kuma nemi 'yan majalisa su matsa a ware wa magana da baki wani kaso na makin aji da ake tarawa kafin jarrabawar ƙarshe. Malamin da ake bin albashinsa wata da watanni, in ji shi, ba a yi masa adalci ba in aka ɗora masa sabon aiki aka juya baya.

Da aka ba da damar tambayoyi, wata malama ta miƙe ta ce ajinta ya kai yara 90, wasu a ƙasa suke zama, ina za ta sami wurin raba su rukuni rukuni? Ya amsa mata da cewa, "Malama, gindin bishiya ma aji ne." Ya ce ta raba su rukuni 15, uku su yi bayani kowane mako, cikin mako biyar kowa ya yi, wanda ya fi abin da ake samu yanzu nesa ba kusa ba. Wani malami ya tambaya ko hakan ba zai hana gama manhaja kafin jarrabawa ba. Ya ce darasi ɗaya ne a mako, kuma yaron da ya saba tsara magana da gabatarwa da hujja da kammalawa, shi ne wanda ba ya rasa abin rubutawa a takardar insha'i.

Daga ƙarshe wani dattijo, tsohon falken goro, ya ce shi bai yi boko ba, amma yana so ya sani, in jikansa ya zo da littafi yana tambayarsa nawa ya sayo nawa ya sayar, ashe ba asirin kasuwa za a kai makaranta a tona ba? Zauren ya kaure da dariya. Mai lacca ya ce, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya, a ba shi farashin bara." Wakilin Sarkin Hausawa ya yi alkawarin zai yi wa 'yan kasuwa magana su riƙa karɓar yaran ran Asabar da hantsi, shugaban makarantar kuma ya ce za a fara gwadawa da aji huɗu a zango mai zuwa, a kira iyaye su zo su saurara ranar bayani. Limamin unguwa ya rufe taron da addu'a gab da la'asar.